Idan Wuta Ta Ɗauke Ko Tsarkiya Ta Tsinke Ana Tsakiyar Kiɗa

Duk wanda ya saba kiɗa a gaban jama'a a Zariya ya san baƙi uku da ba sa yin sallama: ɗaukewar wuta, kukan lasifika, da tsinkewar tsarkiya. Ko a zauren taro na jami'a a Samaru kake, ko a ƙofar fada lokacin hawan salla, ko wurin biki a Tudun Wada, wata rana ɗayansu zai same ka. Ita kanta matsalar ba ta cika ɓata taro ba. Abin da ke ɓata shi shi ne daƙiƙa goman da ke biyo baya, lokacin da mutum biyar suka zabura kowa na jan waya, mai goge ya tsaya yana waige-waige, jama'a kuma suka ɓarke da surutu. Natsuwar da ake yaba wa manyan makaɗa, mafi yawanta shiri ne da aka gama tun kafin a shimfiɗa tabarma.

Shirin farko na baki ne, ba ya cin ko kwabo. Kafin a fara, shugaban kiɗa ya tara mutanensa a yanke abu uku: wa zai yi gyara idan wani abu ya lalace, wace alama ce ke nufin a ci gaba ko a tsaya, kuma daga ina za a ɗauko idan an tsaya. Mai gyara mutum ɗaya ne tak, kuma ba ya cikin masu kiɗa. Sauran kowa ya zauna a inda yake. Alamar ta zama wadda ake gani daga nesa ko da haske ya ragu: hannu a sama yana juyawa, a ci gaba, tafin hannu a ƙirji, a sauka a ƙarshen wannan baiti. Ƙungiyar da ke da 'yan amshi tana da gata babba, domin amshi shi ne mafakarta. Idan muryar jagora ta ɓace, 'yan amshi su riƙa maimaita amshinsu, kalangu na riƙe da su, har sai an daidaita. Mai sauraro da yawa ba zai ma gane an samu tangarɗa ba. Masu kiɗan Turawa na gargajiya, da ke karanta kiɗansu a takarda, sai su sa alama da fensir a wurare biyu ko uku da za a iya komawa, kowa ya rubuta a tasa takardar.

Jikinka zai ci amanarka a daƙiƙar farko, kuma gara ka san haka tun yanzu. Gaba zai faɗi, baki ya bushe, yatsu su ɗauki rawa, sannan hannu ya fara sauri ba tare da ka sani ba. Wannan saurin ne ya fi komai haɗari, domin shi ke wargaza tafiyar kiɗa. Maganinsa numfashi: fitar da iska a hankali, ka bar fitarwar ta fi shaƙar tsawo, kamar ƙirga huɗu a shiga, shida a fita. Sauke kafaɗunka. Kafa idonka kan mai babbar ganga ko shugaban kiɗa, kada ka kai shi wurin mai na'ura. Jama'a fuskarka suke karantawa. In ka harari yaron da ke kan mikisa, wato na'urar haɗa sauti, ka nuna wa ɗaruruwan mutane inda za su kalla, shi kuma ka ƙara rikita masa hannu.

Ɗaukewar wuta ita ce ta fi yawa, don haka bari mu daɗe a kanta. Kayan kiɗa ba ɗaya suke ba a gaban duhu. Kakaki, algaita, kalangu da ganga ba ruwansu da lantarki, suna cika fili da kansu. Goge, kukuma, garaya, biyolin (gogen Turawa) da muryar mawaƙi su ne ke nutsewa. Saboda haka da wuta ta tafi, masu ganga su rage hannu nan take, su rage sosai, mai goge da mawaƙi kuma su matso bakin dandali taku biyu ko uku. A zaure mai rufi wannan ya isa a ji su har layin baya, muddin jama'a sun yi shiru, kuma jama'a na yin shiru ne idan kiɗan bai yanke ba. Kibod kuwa mutuwa yake yi gaba ɗaya. Mai shi ya ɗauke hannunsa, ya ci gaba da ƙirga kiɗan a ransa. Idan wuta ta dawo kada ya faɗa kai tsaye, domin kibod da yawa suna komawa saitinsu na asali in an kashe su: sautin da aka zaɓa ya tafi, ɗagawa ko saukar da murya da aka yi ta goge. Ya duba allon, ya gwada maɓalli ɗaya ƙasa-ƙasa, sannan ya shigo a farkon baiti. Masu karanta takarda su tanadi ƙananan fitilu masu batir da ake maƙalawa a jikin abin ɗora takarda, a kunne tun farko.

Shi kuma mai na'ura, aikinsa na farko a cikin duhu shi ne kashe amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da sifikoki masu wuta a jikinsu, ya sauke babban makunnin sauti ƙasa. Dalili kuwa, idan wuta ta dawo ta tarar da komai a kunne, za a ji wata ƙara kamar harbin bindiga, kuma tana iya ƙona ƙananan sifikokin da ke fitar da siririn sauti. Tsarin kunnawa ba ya canzawa: mikisa da sauran ƙananan kaya su fara, amfilifaya ta zo ƙarshe. Wajen kashewa a juya, amfilifaya ce farko. Mikisa ta zamani mai kwamfuta a ciki tana ɗaukar ɗan lokaci kafin ta farka, shi ya sa ya dace a sa mata ƙaramin UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta na ɗan lokaci, nata ita kaɗai, don kada ta mutu tsakanin tafiyar wuta da tashin inji.

Janareta ma sai an yi masa lissafi. Inji mai 2.5 kVA abin da yake bayarwa a zahiri bai wuce wajen wat 2,000 ba. In kayanka sun tasam ma wat 2,000, wannan injin ya yi kaɗan, domin duk lokacin da aka buga babbar ganga amfilifaya na zuƙar wuta da ƙarfi, inji ya yi nishi, wuta ta faɗi, mikisa ta mutu. A nemi wanda zai bar rarar aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu. Kada a haɗa layin sauti da firij na masu sayar da lemo ko injin jan ruwa. A warware doguwar wayar wuta gaba ɗaya daga kan abin naɗinta, domin a naɗe zafi take yi. A cika mai tun kafin taro, a tayar da injin a gwada shi da kayan duka a kunne, ba a zuba mai yana aiki ko yana da zafi. A ajiye shi a fili, nesa da ƙofa da taga da kamar mita shida ko fiye. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, kuma tana kisa. A taro mai muhimmanci, mafi alheri a fara da janareta tun daga bisimilla, a bar wutar gari a matsayin ko-ta-kwana.

Kukan lasifika yana faruwa ne idan makirufo ya ji sautin da sifika ta fitar, ya sake mayar mata, abin ya riƙa zagayawa yana ƙaruwa. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne rufe kan makirufo da tafin hannu. Wannan ƙara kukan yake yi, saboda ya toshe ramukan da ke bayan kan, waɗanda su ne ke hana shi jin sautin da ke zuwa daga baya. Abin yi: juya kan makirufo daga fuskar sifika, ka ja da baya, mai na'ura ya sauke layin da ke kukan kaɗan. In bai san wanne ba ne, ya sauke babban makunni, sannan ya ɗago a hankali. Rigakafin kuwa tun wajen jera kaya ne. Manyan sifikoki su kasance gaba da layin makirufo, suna kallon jama'a. Mawaƙi ya riƙe makirufo kusa da baki, tazarar yatsu biyu zuwa uku, don kada a tilasta wa mai na'ura ƙara ƙarfi. Duk makirufon da ba a amfani da shi a rufe layinsa.

Makirufo marar waya in ya mutu, yawanci batir ne. A sa sababbi kafin kowane taro, kada a dogara da na jiya. A ajiye makirufo mai waya guda ɗaya a gefen dandali, an riga an gwada shi, jagora ya san inda yake; ya miƙa hannu ya ɗauka, shi ke nan. Idan waya ce ke ƙarar-ƙarar, a rufe layinta a mikisa kafin a zare ta.

Sai tsarkiya. A nan yanayin Zariya yana da hannu dumu-dumu. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska na bushewa ƙwarai, ita kuwa biyolin ta fi son danshi tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Itace na tsukewa, kunnuwan da ake murɗa tsarkiya da su su saki, sai ka ji sauti ya zube ana cikin kiɗa. Wajen gyara, a riƙa tura kunnen ciki yayin da ake murɗawa, in ba haka ba zai sake kwancewa. Siririyar tsarkiyar biyolin da ake kira E ita ta fi tsinkewa. Ajiye wadda aka taɓa ɗaurawa ta riga ta miƙe, domin sabuwa fil tana ta saki, ba za ta riƙe murya a daren farko ba. A manyan ƙungiyoyin kiɗa na Turai da Amurka akwai al'ada tsayayya: mai kiɗan da ke gaba shi kaɗai, in tsarkiyarsa ta tsinke, sai ya karɓi biyolin ta shugaban masu biyolin, a miƙa mai matsalar baya a gyara. A 1986, a Tanglewood da ke Amurka, Midori tana da shekara 14 tsarkiyar E ta tsinke mata sau biyu a kiɗa ɗaya, sau biyu tana karɓar ta wani, ta kai ƙarshe. Al'adar tana aiki ne saboda kowa a layin ya san tun da farko wa zai miƙa wa wa.

Goge tsarkiyarsa damin izgar doki ce, don haka in gashi biyu ko uku sun tsinke kiɗa bai tsaya ba. Ci gaba, in an sauka ka yanke su daga gindi da reza. Kada ka fizge, domin fizga na sassauta sauran. Haka ma gashin baka, abin da ake goga tsarkiya da shi. Abin da ya fi kashe sautin goge farat ɗaya shi ne gocewar jaki, ɗan abin nan da ke ɗaga tsarkiya daga kan fata. Mayar da shi wurinsa da babban yatsa a tsakanin baiti. Baka in ya fara santsi ƙaro yake so, kuma ƙaro a aljihu ya kamata ya kwana, ba a cikin jaka a mota ba. Mai hali ya zo da goge na biyu a ɗaure, a jingine kusa da ƙafarsa. Da damina matsalar ta koma kan ganguna: fata na shan danshi ta saki, sauti ya dushe. A shanya su a rana ko a ɗumama su nesa-nesa da garwashi kafin a hau, ana taɓawa da hannu don kada zafi ya fasa fatar. Mai kalangu ya soke gula ta biyu a ɗamararsa, mai algaita ya tanadi ɗan karan busa na biyu da ya riga ya jiƙa ya gwada.

Akwai lokacin da tsayawa ita ce daidai, kuma ba abin kunya ba ce. In makirufo ya ja mutum a leɓe, ko aka ji ƙaurin waya, ko ruwan sama ya fara sauka kan kaya, a kashe wuta daga tushe, a tsaya. Kada a taɓa cire ƙafar soket ta uku, wadda ke haɗe da ƙasa, don a kashe gurnanin da ke cikin sifika. Ita ce ke kare ran mai riƙe da makirufo. In tsayawar ta gyara ce kawai, a sauka tare a ƙarshen baiti, sannan mutum ɗaya ya yi magana, sanƙira ko shugaban kiɗa, a taƙaice: "Ranka ya daɗe, jama'a, a yi mana haƙuri na minti biyu, tsarkiya ce ta tsinke." Ya faɗi lokacin da zai iya cikawa. Ba a kiran sunan kowa, ba a ɗora laifi a bainar jama'a. In gyaran zai wuce minti biyar, a shigo da kiɗan da ba ya buƙatar abin da ya lalace, wanda aka riga aka ware don irin wannan rana.

Duk wannan sai an gwada shi a wajen atisaye. Sau ɗaya a wata, a sa wani ya kashe wuta ana tsakiyar kiɗa ba tare da ya sanar ba, ko ya zare makirufon jagora, a ga wa ya yi sauri, wa ya tsaya, minti nawa mai na'ura ya ɗauka. Bayan taro kuma, kafin a naɗe kaya, wayar da ta ba da matsala a ƙulla mata ƙulli a baki a jefa ta a jaka daban, batiran da suka yi aiki a raba su da sababbi, a ɗaura sabuwar tsarkiya a daren nan don ta samu kwanakin miƙewa kafin taro na gaba.