Kurakuran da masu koyon tuƙin gilaida suka fi yi, da yadda ake gyara su

Gilaida jirgin sama ne marar inji. Da igiya ake ɗaga shi: ko dai wani ƙaramin jirgi ya ja shi, ko injin naɗe igiya da ke can ƙarshen fili ya fizge shi, sannan a sake shi ya yi ta shawagi. Jirgin koyo kujera biyu gare shi, ɗalibi a gaba, malami a baya, kowa da sandar tuƙinsa da fedojinsa. ASK 21, ƙirar kamfanin Schleicher na Jamus da ya fara tashi a 1979, yana cikin waɗanda aka fi koyarwa da su. Faɗin fikafikansa mita 17 ne, kuma in iska a kwance take, duk mita ɗaya da ya sauko yana cin kusan mita 34 a gaba. Abin da matuƙinsa ya mallaka biyu ne, tsayi da gudu, kuma babu totur ɗin da zai ƙaro masa su in sun ƙare.

Tun a ƙasa ake fara tafka kuskure. Birkin iska wasu faifai ne da ke fitowa a kan fikafikai don jirgi ya sauko da sauri. Ɗalibi ya tura hannunsa, mai launin shuɗi, ya ga ya rufe, amma bai danna shi har ya ji ya kulle ba. Da an fara gudu sai birkin ya buɗe da kansa, jirgi ya ƙi hawa. Haka murfin gilashi: a rufe yake, ba a kulle ba. Sai kuma nauyi. A ASK 21, wanda zai tashi shi kaɗai dole kujerar gaba ta ɗauki aƙalla kilo 70 har da laimar sauka, in bai kai ba a ƙara ƙarfen nauyi, don idan gaba ya yi sakayau jirgin yakan yi wuyar sarrafawa. Maganin duka shi ne a bi jerin dubawa da baki da hannu, ana faɗa ana taɓawa. In wani ya katse ka da magana a tsakiya, koma farko.

A sama, abu na farko da malami ke yaƙi da shi shi ne ido. Sabon ɗalibi yakan kafa wa agogon gudu ido. Ya ga allura ta hau ya ja sanda, ya ga ta sauka ya tura, jirgi ya yi ta ɗagawa yana sunkuyawa, domin allurar a baya take bin abin da jirgi ya riga ya yi. Duba waje. Lura da tazarar da ke tsakanin hancin jirgi da layin da sama ta haɗu da ƙasa, riƙe wannan tazarar, ka ba jirgi ɗan lokaci, sannan ka saci kallon agogo. Sanda kuma da yatsu ake riƙe ta, hannu a kan cinya. Wanda ya damƙe ta ba zai ji abin da iska ke yi wa fiffike ba. Akwai wani dalilin duba waje da ya fi wannan girma: gilaidoji sukan taru wuri ɗaya suna zagayawa cikin iska mai ɗumi da ke tashi sama, yadda shirwa da ungulu ke yi. Wanda ya fara shiga shi ne ke tsayar da ɓangaren da za a riƙa juyawa. Na'urar FLARM, da aka fito da ita a Siwizalan a 2004, tana gargaɗi idan wani jirgi na matsowa, amma ba kowane jirgi take gani ba. Kafin kowace kwana, juya kai ka duba.

Sai ƙafa. Wanda ya saba da mota yana ganin hannu ya isa. Ka kai sanda hagu ba tare da feda ba, sai ka ga hancin jirgi ya fara karkata dama, saboda fiffiken da ke ɗagawa ya fi jan iska, kuma dogon fiffike yana ƙara tsananta abin. Sanda da feda tare suke tafiya. A kan gilashin gabanka akwai ɗan guntun zaren ulu da aka manna; shi ne mai faɗa maka gaskiya. In ya miƙe a tsakiya, lafiya. In jelarsa ta kaɗa hagu, taka fedar dama.

Inda nake so a fi natsuwa shi ne tashi da injin igiya, don komai cikin daƙiƙoƙi yake faruwa. Kafin igiya ta miƙe, hannun hagu ya riga ya dafa maɓallin saki, mai launin ɗorawa. Idan fiffike ɗaya ya faɗi zai taɓa ciyawa, a saki nan take. Ɗalibai sukan tsaya ƙoƙarin ɗago shi da sanda, alhali in bakin fiffiken ya sarƙe, jirgin na iya wuntsilawa kafin a ƙifta ido. Bayan an bar ƙasa kuma, kada a yi gaggawar ɗaga hanci. A hankali ake shiga hawa, gudu na ƙaruwa.

To, ga ka kana hawa, hanci a sama sosai, sai ka ji fat, jan ya yanke, ƙarar iska ta fara mutuwa. Igiya ta tsinke. Tura sanda gaba nan da nan, har ka ji jikinka ya yi sauƙi a kujera, ƙurar ƙasan jirgi ta taso. Kuskuren yana nan: hanci ya sauko, ɗalibi ya ɗauka gudu ya dawo, sai ya yi kwana ko ya buɗe birki. Bai dawo ba tukuna. Jira har allura ta nuna gudun sauka. In filin gabanka ya isa, sauka a gaba kawai, ko da za a yi doguwar tafiya a jawo jirgi.

A bayan jirgin ja kuwa, babban haɗari shi ne ka yi sama fiye da shi, domin igiya za ta ɗaga wutsiyarsa ta kifa hancinsa ƙasa. Ya ɓace maka da gani, saki igiya.

Kwana ta ƙarshe kafin sauka ta ci rayukan matuƙa da yawa, har da ƙwararru. Mutum ya makara, ya tsinci kansa ƙasa-ƙasa. Yana tsoron karkata fiffike don ƙasa ta matso, sai ya tura jirgi kwanar da feda, yana jan sanda baya ba tare da ya sani ba. Gudu ya ragu, fiffiken ciki ya daina ɗauka, jirgi ya shiga juyin katantanwa, wato ya kifa hanci yana faɗowa yana juyawa, a tsayin da ba a fita. Otto Lilienthal, Bajamushen da ya buɗe hanyar tashi da gilaida, rasa ɗaukar fiffike ne ya faɗo da shi a 1896 daga tsayin mita 15 ko kusa da haka, washegari ya rasu. ASK 21 yana daina ɗauka a wajen kilomita 65 zuwa 75 a awa, gwargwadon nauyinsa, kuma karkata ta digiri 30 ba ta ƙara ko kashi 10 cikin 100 a kan wannan. Saboda haka karkata sosai, da isasshen gudu, zare a tsakiya. In ka ga tsayi na ƙarewa, yanke zagayen da ake yi wa fili kafin sauka, ka shigo da wuri.

Ina da ra'ayi a nan. ASK 21 jirgi ne mai haƙuri, da ƙyar yake yarda ya yi katantanwa, kuma wannan haƙurin na iya yaudarar ɗalibi. Ka nemi malaminka ya kai ka sama sosai, a jirgi irin Puchacz na Folan ko ASK 21 da aka ƙara wa nauyi a wutsiya, ka ga abin da idonka, ka koyi fita: feda gaba ɗaya akasin juyin, sanda a tsakiya ana tura ta gaba har juyin ya tsaya, a daidaita feda, a ɗago a hankali. Duk lokacin da jirgi zai sauya hannu, a faɗa da baki: "Malam, ka karɓa." "Na karɓa." Sai ka ji amsar kafin ka saki.

A gangaren sauka, sanda ce ke riƙe gudu, birkin iska ke tsara saurin saukowa. Wanda ya ga ba zai kai ba yakan ja sanda don ya miƙa tafiya; abin yi shi ne rufe birki. In akwai iska mai ƙarfi a gaba, ƙara gudu, don kusa da ƙasa ƙarfinta yana raguwa, gudunka ya faɗi tare da shi. Da taya ta taɓa ƙasa, wasu sukan saki jiki. Ci gaba da daidaita fikafikai da sanda, kana miƙe hanya da feda, har jirgi ya tsaya cak, fiffike ɗaya ya kwanta a ciyawa da kansa.