Ƙannena da kuka zo karatu Yamai, ku buɗe baki a aji

Sannunku da zuwa. Maganar hanya ba zan ja ta ba: wanda ya ƙetare Illela zuwa Ƙwanni, ya bi ta Dogon Dutse da Doso har ya sauka Yamai, ya riga ya koyi canjin naira da sefa. Ɗaki ma ba ya gagara, domin 'yan'uwanmu na Harobanda, unguwar da jami'a take, ba sa barin ɗalibi ya kwana a waje, kuma ina alfahari da su a kan haka. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne irin zaman da kuke yi cikin aji.

Kowace shekara sai na ga sababbin zuwa sun tattaru a bencin baya na amfi, wato babban zauren lakca, 'yan Sakkwato gefe, 'yan Katsina gefe, kai a sunkuye, biro na gudu. Malami ya ce akwai mai tambaya, ba mai cewa uffan. Ana tashi ku ruga wurin mai fotokofi da littafin wani, wai za a haddace. Haba ƙannena!

Ku fahimci tsarin tukuna. A Jami'ar Abdou Moumouni tsarin LMD ake bi (wato digirin farko, na biyu da na uku), digirin farko shekara 3 ne, ana ba da maki bisa 20, kuma sai ka kai 10 za a ce ka ci. Akwai babbar lakca a amfi, akwai kuma TD, inda ake raba ɗalibai rukuni-rukuni, a yi atisaye, a kira mutum gaban allo, ko a ba shi maudu'i ya zo ya gabatar. Sannan rubutun jarrabawa irin na Faransanci, musamman a fannin adabi da shari'a, ba ya son a amayar da abin da aka haɗiya. So ake ka fito da matsalar da ke cikin tambayar, ka kawo hujja, ka kawo wadda ta saɓa mata, ka yanke hukunci. Wanda bai taɓa gardama da abokin karatu ba, ina zai iya wannan a takarda?

Akwai wani yaro na wajenmu, mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda ba ya wasa da karatu. Dare da rana yana ɗaki da takardu, amma bai taɓa furta jimlar Faransanci a gaban jama'a ba. Ranar gabatarwarsa ya karanta abin da ya rubuta tsaf. Da malami ya yi masa tambaya guda, sai baki ya mutu, alhali amsar tana kansa, don da daddare ya zayyana mini ita da Hausa ba gargada. Ya ce da ni, "Yaya, kunya ce ta kashe ni." Har yau abin yana sosa mini rai.

Na san uzurinku: Faransancinku bai nuna ba, kuma an tarbiyyantar da mu ba a katse babba. To, a makarantar zaure ba biyawa kuke yi da ƙarfi malam ya gyara muku ba? Nan ma haka ne. Ɗaga hannu ka ce "Mushe (wato malam), ban gane ba" ba rashin ladabi ba ne. Za a yi dariya wani lokaci, ranar ce kawai.

Tarkon Yamai shi ne Hausa tana kai ka ko'ina, kasuwa, tasha, masallaci. A 2025 ma an ayyana ta harshen ƙasa a Nijar, abin farin ciki, amma takardar jarrabawarka da Faransanci za ta zo. Don haka kada rukunin karatunka ya zama na 'yan garinku zalla. Ka shiga cikin 'yan Maraɗi da Damagaram da Zabarmawa da Buzaye, waɗanda suka taso da Faransanci tun firamare. In an zauna fada ana dafa shayi, ku warware darasin ranar da Hausa, sannan kowa ya maimaita shi da Faransanci, a gyara masa. 'Yan mata, ku ma ku haɗa naku zaman, kada ku bar wa maza bencin gaba.

Tun makon farko ku nemi wakilin ajinku ya sa ku a zauren WhatsApp, don a nan ake sanar da sauyin lokaci da rabon rukunin TD.