Yadda Bazindire zai ziyarci gaɓar tekun Benin

Wanda ya tashi daga Damagaram yana son ganin teku da al'adun mutanen kudancin Benin, ya fara da tambayar halin da iyaka take ciki a tasha, domin an rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville a 2023. Hanyar da aka saba bi ita ce Maraɗi, Ƙonni, Doso, Gaya, sannan Parakou har Kwatano. Kuɗin sefa ɗaya ne, Faransanci yana aiki, amma a riƙe katin rigakafin shawara. Disamba zuwa Fabrairu ya fi, domin babbar damina tana sauka ne tsakanin Afrilu da Yuli.

Shawarata ita ce kada a zarce Kwatano kai tsaye. A sauka a Bohicon a shiga Abomey, inda fadojin sarakunan Dahome suke, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1985. An zana tarihin sarakunan a jikin bangon ƙasa, har zuwa Béhanzin da ya yaƙi Faransawa. Duk wanda ya san ladabin shiga fadar Sarkin Damagaram ya san abin da ake bukata a nan: a nemi izini, a sassauta murya, a cire takalmi inda aka ce, kuma kada a ɗaga waya don hoto sai mai rakiya ya yarda.

A Kwatano, unguwar Zongo cike take da Hausawa, masauki da masallaci ba za su yi wuya ba. Daga Abomey-Calavi, wani gari kusa da Kwatano, ake hawa kwalekwale zuwa Ganvié, garin ƙabilar Tofinu da aka kafa a kan tafkin Nokoué don tsira daga masu farautar bayi. Gidajen mutane ne, don haka a gaisa kafin a leƙa.

Ouidah tana da nisan kimanin kilomita 40 yamma da Kwatano. A taka hanyar bayi da ƙafa, kusan kilomita 4, zuwa ƙofar tunawa da aka gina a bakin teku a 1995. A watan Janairu ake bikin Vodun, addinin gargajiya na yankin. Musulmi zai iya tsayawa gefe da mutunci ba tare da shiga ibadar ba, ba kuma tare da raina masu ita ba.

Tekun wannan gaɓa yana da igiya mai jan mutum ciki, kuma iyo a tapki lokacin damina ba ya shirya kowa ga irinsa. A tsaya inda masunta suka nuna, a riƙe hannun yara.