Yadda ake koyon ɗaukar hoton zoben aure daga kusa

Ranar biki zobba ba sa daɗewa a hannun mai hoto. Za a miƙo maka su ne amarya na tsakiyar shiri, ɗaki cike da jama'a, haske kuwa yadda ya ga dama, kafin ka gama daidaita kyamara wani ya leƙo ya ce a dawo da su. Wanda bai taɓa gwadawa a gida ba, a nan zai gane cewa zobe ya fi fuskar mutum wuyar ɗauka. Dalili biyu ne: ƙanƙantarsa, da kuma sheƙinsa da ke nuna duk abin da ke kewaye da shi, har da kai mai kyamarar. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a kan teburin ɗakinka za ka koyi aikin nan, lokacin da babu mai jiran ka.

Haɗa kayan gwaji

Ka samu zobba biyu na gwaji: ɗaya sumul mai sheƙi wanda ba dutse a kansa, ɗaya kuma mai dutse. Ba sai daimon ba, zirkoniya, dutsen da ake kwaikwayon daimon da shi, ma ta isa, domin matsalolin da za ta ba ka kusan iri ɗaya ne. Sai farar takarda, baƙin kwali, ƙaramar tocila, ƙyalle mai laushi na goge tabarau, abin hura iska na kyamara, ɗan danƙo irin Blu Tack, da ƙafar kyamara mai ƙafa uku.

Batun gilashin kyamara shi ne inda masu farawa suka fi tambaya. Gilashin makro na gaske, wanda aka yi don ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, yana kai girman 1:1, wato abu mai faɗin milimita 20 zai faɗa kan sensa, farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, da faɗin milimita 20 ɗin nan cif. Babbar sensa milimita 36 ce da 24, zobe kuwa faɗinsa bai cika wuce milimita 20 da 'yan kai ba, ka ga kenan a 1:1 zai kusa cika hoton daga sama zuwa ƙasa. Shi ya sa yawancin hotunan zobe masu kyau a wajen 1:2, wato rabin wancan girman, ake ɗaukar su, a bar wa zoben fili. Masu hoton biki sun fi riƙe makro mai tsawon milimita 90, 100 ko 105 (lambar da ke rubuce a jikin gilashin ake nufi, ba tsawon jikinsa ba), saboda yana barin ka a nesa kaɗan, inuwarka ba ta rufe zoben ba.

Idan ba ka da makro, bututun ƙari zai fitar da kai. Bututu ne da babu gilashi a ciki, ana sa shi tsakanin kyamara da gilashinta. Lissafinsa mai sauƙi ne: raba tsawon bututun da tsawon gilashin. Bututu mai milimita 25 a bayan gilashi mai 50 zai ƙara maka girman 0.5. Ka nemi mai 'yan ƙarafan lantarki a bakinsa, in ba haka ba kyamara ba za ta iya juya ƙofar haske ba a gilasan zamani. Kuma ka tuna muddin yana ɗaure, ba za ka iya ɗaukar abu mai nisa ba, sai ka cire.

Goge zoben

Kafin komai, goge shi. Daimon yana jan maiƙo, taɓawa ɗaya da yatsa ta isa ta dusashe shi, ƙurar da ido bai gani ba kuma makro zai fito da ita ɓaro-ɓaro. Ka goge da ƙyalle, ka hura iska, sannan ka riƙa ɗaukar sa ta gefe da ƙyallen.

Koyi fokas da idonka

Ɗora zobe mai dutse a kan tebur kusa da taga, kafa kyamara a kan ƙafarta, sa ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, a 100, ka kunna agogon daƙiƙa 2 don kada danna maɓalli ya girgiza hoton. Sai ka ɗauki hoto iri ɗaya sak a f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16 da f/22 (lambobin ƙofar haske ne, lamba na ƙaruwa ƙofar na tsukewa), ba tare da ka matsar da komai ba. Buɗe su a kwamfuta, ka faɗaɗa kowanne zuwa girmansa na ainihi. Allon bayan kyamara yana yaudara, komai a kansa kamar ya fito.

Abin da za ka gani zai ba ka mamaki. A 1:1, kan babbar sensa, yankin da ke fitowa tar a f/8 bai kai milimita ɗaya cikakke ba. A f/2.8 kuwa wajen kashi ɗaya cikin uku ne na milimita. Ja da baya zuwa 1:2, a f/8 ɗin nan yankin ya kusa milimita 3. Wato ja da baya kaɗan, daga baya ka yanke gefen hoton, ya fi matsewa kusa amfani sau da yawa. Za ka kuma lura cewa daga f/16 zuwa f/22 hoton gaba ɗaya yana fara laushi, saboda haske na watsewa idan ƙofar ta yi ƙanƙanta ainun. Ni dai tsakanin f/8 da f/11 nake ba da shawarar a zauna. Ɗabi'ar buɗe ƙofa wangale, wadda ke ƙawata hoton fuska, a nan ɓata aiki take yi.

To, a ina za a sa fokas? Ba cikin dutsen ba. Daimon mai yankan da'ira fuskoki 57 ko 58 gare shi, kowace tana mayar da haske ta wata hanya, fokas mai sarrafa kansa kuma sai ya yi ta kai da komo yana neman abin kamawa. Mayar da shi na hannu, faɗaɗa hoton a allo, ka saita a kan 'yan faratan ƙarfen da suka riƙe dutsen, waɗanda suka fi kusa da kai. Idan su suka fito da kaifi, ido zai yarda cewa zoben ya fito. Ka kuma juya zoben yadda fuskar dutsen za ta kalli kyamara kai tsaye. Idan ta karkata, gefe ɗaya zai fito, ɗayan ya narke. Zobba biyu ma haka: nisansu daga kyamara ya zama ɗaya, ko ka ɗora na amarya a kan na ango, in ba so kake ɗaya ya ɓace da gangan ba.

Bayan ka saba da ƙafar kyamara, ajiye ta, domin ranar biki ba koyaushe za ka samu wurin kafa ta ba. Saita fokas sau ɗaya ka ƙyale shi. Dafa gwiwar hannu a tebur, riƙe numfashi, ka riƙa matsawa gaba da baya a hankali da jikinka, kana ɗaukar hotuna a jere daidai lokacin da faratan suka fito. Saurin shota, wato lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, kada ya gaza 1/200 na daƙiƙa, ko da hakan zai sa ka ɗaga ISO. Da yawa za su lalace, haka abin yake ga kowa.

Haske, inda aikin yake

Nan ne za ka fi daɗewa. Ɗauko zoben nan sumul, ka kalle shi ta kyamara da kyau. Wancan farin layi da ke gefensa taga ce. Wancan baƙin tabo na tsakiya gilashin kyamararka ne. Jan da ya ɓullo a ƙasa kuwa rigarka ce. Ƙarfe mai sheƙi ba ya nuna kansa, abin da ke gabansa yake nunawa, saboda haka gyaran hoton zobe gyaran kewayensa ne.

Fara da kashe fitilar ɗaki. A ma'aunin launin haske, hasken rana yana wajen 5500K, tsohon ƙwan lantarki mai ja-ja yana wajen 3000K, idan suka haɗu a jikin zobe gefe ɗaya zai yi shuɗi, ɗayan ya yi ruwan ɗorawa, gyara wannan a kwamfuta kuwa wahala ce. Ka bar taga kaɗai, ta gefe ko ta ɗan bayan zoben, ba rana kai tsaye ba. Idan rana ta shigo, saki farin labule.

Yanzu ɗauki farar takarda ka riƙe ta a ɗaya gefen. Matso da ita a hankali idonka na kan allo. Za ka ga duhun gefen yana cika da fari, ƙarfen ya yi santsi. Lanƙwasa takardar ta yi rumfa a saman zoben, ka sake kallo. Idan fari ya yi yawa, zoben zai zama fayau, ba siffa, kamar zane. Sai ka shigo da siririn baƙin kwali ta gefe guda: layin duhun da zai bayar shi ke nuna cewa abin zagayayye ne, kuma ƙarfe ne. Ka yi ta wasa da takardun nan biyu har hannunka ya san inda zai kai su ba tare da ka tsaya tunani ba. Kuma ka saba sa tufafi baƙi ko ruwan toka ranar aiki, rigar mai launi tana shiga kowane zobe.

Dutse kuma akasin ƙarfe yake so. Haske mai faɗi da laushi yana sa shi ya yi fari fat, babu walƙiya. Abin da ke tayar da wutarsa shi ne ƙaramin haske mai kaifi. Bar taga tana aikinta a kan ƙarfen, sai ka haska tocila daga nesa kaɗan, kana zagayawa da ita sannu a hankali sama da gefe, har ka ga fuskokin dutsen sun kama, wasu fari, wasu duhu, wasu da ɗan launi. Tsaya nan ka ɗauka. Idan tocilar ta fi ƙarfin tagar, ja ta baya.

Sai gwajin filashi, don akwai bikin da ba za ka ga taga ba sam. Kada ka bar shi a saman kyamara yana kallon zoben. Cire shi gefe, rage ƙarfinsa sosai, ka sa farar takarda ko ƙyalle tsakaninsa da zoben, ko ka harba shi jikin farin bango. Filashi yana da wata fa'ida: a 1:1 kana asarar haske har mataki biyu, wato kashi ɗaya cikin huɗu ne ke saura, shi kuwa yana mayar maka da shi, yana kuma daskarar da rawar hannu.

Ka riƙa ɗauka da RAW, wato ɗanyen fayil da ya fi karɓar gyara a kwamfuta, ka kuma kunna alamar da ke ƙyaftawa inda fari ya ƙone. Ɗigon walƙiya ɗaya ko biyu ba laifi, amma idan rabin dutsen na ƙyaftawa, rage haske.

Inda za a ɗora shi

Don tsayar da zobe, murza danƙo ƙarami kamar kan allura mai ƙulli, manna shi a ƙasan zoben ta baya inda kyamara ba ta gani. Gam kuwa kada ma ya zo kusa.

Shimfiɗa mafi kyau ita ce wadda ta fito daga bikin kansa: katin gayyata, furanni, gefen mayafin amarya, akwatin zoben. Ka gwada da makamantansu a gida, ka lura cewa yadi mai manyan zare yana yin kauri a makro har ya janye ido daga zoben. Fuskar waya a kashe tana ba da baƙar shimfiɗa mai nuna zoben sau biyu, sai dai tana tara ƙura. Abin da ke baya kuma, gwargwadon nisansa gwargwadon narkewarsa. Hoton nan da ake tsayar da zobe a tsakiyar buɗaɗɗen littafi inuwarsa ta yi siffar zuciya, an yi shi har an gaji. Duk da haka ka gwada shi sau ɗaya, yana koyar da yadda tsayin fitila ke canza tsawon inuwa.

Wasu ma'aurata suna sa a zana suna ko kwanan wata a cikin zoben, kuma za su so a gani. Yi gwaji da hatimin da ke cikin zobba: 750 na zinare mai karat 18, 585 na mai karat 14, 925 na azurfa. Haske daga gefe ƙasa-ƙasa shi ke fito da rubutun.

Akwai kuma dabarar tara hotuna: a ɗauki da yawa, kowanne fokas ya ɗan matsa gaba, sannan a haɗa su a Photoshop ko Helicon Focus zoben ya fito gaba da baya. Ka san ta, amma tana son ƙafar kyamara da lokaci, don haka ba ita ce madogara ranar biki ba.

Gwaji da agogo

Idan duk waɗannan sun zauna, ƙuntata wa kanka. Zaɓi ɗakin da ya fi kowanne munin haske a gidan, sa agogo minti biyar, ka fito da hotuna uku: zobba biyu tare, dutsen daga kusa, da ɗaya mai faɗi da ya haɗa da kati ko fure. Gobe canza ɗaki. Jibi yi da daddare, da filashi kaɗai. Sannan roƙi wani ya sa zoben ka ɗauki hannunsa: ya saki yatsu kada ya sandare su, ya ɗan ɗaga hannun sama na ɗan lokaci kafin ɗauka don jijiyoyi su kwanta, kai kuma ka ja baya, domin makro ba ya rufa wa fata asiri.

A cikin gwajin nan ka haɗa da ladabin riƙe kayan mutane, ya zame maka jiki. Zobe ba ya hawa bakin baranda, ko kusa da magudanar ruwa, ko kan ciyawa. Ka riƙa aiki a kan faranti mai baki ko ƙyalle a shimfiɗe don kada ya gangara. Nemi izini kafin ka goge shi, kuma ƙyalle busasshe kawai, domin wasu duwatsu irin su ofal suna da laushi, ba sa jure sinadari. Ƙirga zobban a gaban wanda ya ba ka, shi ɗin dai za ka mayar wa hannu da hannu, ba ta hannun ɗan aike ba.

A kwamfuta aikin kaɗan ne idan an yi na baya daidai. Share ɗigon ƙura da ragowar danƙon da ya leƙo, sannan ka duba launi: zinare kada ya koma kore-kore, farin ƙarfe kada ya yi rawaya. Ajiye hotunan kowane gwaji a jaka guda da kwanan wata, tare da ɗan rubutun inda taga take da inda ka riƙe takarda, domin kyamara tana ajiye lambobin saiti da kanta amma ba ta ajiye wannan.