Yadda za ka tafiyar da karen gadi idan namun daji sun fara shigo maka gida da hunturu

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an kawar da amfanin gona an fara cinna wa daji wuta, tafkuna kuma sun janye, dabbobin dawa kan matso kusa da mutane neman ruwa da ɗumi. Gidan da ke bakin gari zai ga gafiya, bushiya, tunku, muzurun daji, wani lokacin har dila. Kare mai kishin gida ba ya raga wa ko ɗaya, kuma a nan ake samun rauni da cuta. Aikinka shi ne ka sa ya tsaya ga haushi, kada ya kai ga kamawa.

Fara da abin da ke janyo su. Ka ba kare abincinsa kafin magariba, bayan minti 20 ka ɗauke kwanon. Ragowar tuwon da ya kwana a waje gayyata ce ga ɓera, shi kuma maciji ɓera yake bi. A rufe randa da durom, a nesanta tarin itace da karan dawa daga inda kare ke kwana, a ɗora su kan duwatsu yadda za a iya leƙa ƙasansu.

Sai katanga. Mafi yawan baƙin nan ta rariya suke shigowa, don haka ka toshe bakinta da ragar waya mai ƙananan idanu wadda ruwa zai wuce. Idan akwai akurki, a kewaye shi da waya, a binne gindinta kamar santimita 30, domin dila da gafiya haƙa suke yi.

Horo shi ne inda ya kamata ka daɗe. Kalma biyu sun isa: "bari" da "zo". Ka ɗaura masa igiya mai tsawon mita 5, ka ajiye tsumma ko tsohuwar fata a ƙasa. Da zarar ya nufe ta ka ce "bari" sau ɗaya, ka tsayar da igiyar ba tare da fizga ba. Idan ya waiwayo ka miƙa masa ɗan kilishi ko busasshen kifi nan take, don ladan da ya yi jinkiri bai san na mene ne ba. Minti 10 safe da yamma ya wadatar. Sai ya ƙware da rana sannan ka gwada da dare, har yanzu da igiya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kira shi ya zo sannan a buge shi. Daga ranar ya koyi cewa "zo" na nufin bulala, ba zai ƙara amsawa ba. Masu yi masa "cas" kan kowane ƙadangare don nishaɗi su ma rusa aikin suke yi, sai a ja wa yara kunne.

Kafin ka sake shi da dare, zagaya da tocila da takalmi rufaffe. Ka yi masa makwanci da katako da buhu, ɗage daga ƙasa, ƙofar ta ba wa arewa maso gabas baya, ta nan iskar hunturu ke kaɗowa.

Allurar ciwon haukan kare kuwa ba abin wasa ba ce. Ana fara ta yana ɗan wata 3, a maimaita duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa ta, likitan dabbobi na kusa da kai zai yi masa. Bayan kowace arangama a duba kunnuwa da tsakanin yatsunsa saboda kaska.

Idan faɗa ya riga ya kaure, kada ka sa hannu, karenka ma zai iya cizonka cikin zafin rai. Watsa musu bokitin ruwa ko ka buga kwano. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Gamsheƙa idan ta tofa wa kare dafi a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har kwata guda na awa. Saran kububuwa ko kasa kuma, ba tsaga ba ɗauri: ɗauke shi za a yi, kada ya yi gudu, a nufi likita.

Maganin ɓera ya fi duk waɗannan yaudara. Kare zai cinye ɓeran da ya ci guba, ya yi kwana 3 zuwa 5 lafiya lau, sannan dasashinsa ya yi fari, jini ya fara fita ta hanci ko bayan gida. Tarko ya fi, a ɗana shi inda hancin kare ba zai kai ba. Mushen kuma a ɗauke shi da shebur a binne da zurfi, domin da hunturu ne zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke yaɗawa, ke yawaita.