Ka baro kwale-kwale ka dawo ƙasar duwatsu? Ga yadda za ka saba

Shekara tara na yi a tabkin Chadi ina su, wato kamun kifi, wani lokaci sai mu yi sati biyu a kwale-kwale, nan girki nan kwana nan sallah. Da aka kai harin tsibirin Karamga a watan Afrilu na 2015 hukuma ta ce kowa ya fita daga tsibirai, muka fito ta Ngigmi, ni na yo gida wajen duwatsun Kutus, arewa da Gure. Har yanzu ina haɗuwa da 'yan'uwa a tashar Zinder da suka baro ruwa, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na koya.

Kwanakin farko za ka ji ƙasa na lilo da kai, musamman in ka tsaya cik ko ka kwanta. Kar ka tsorata, ba iska ba ce, jiki ne ya saba da kaɗawar ruwa. Ka riƙa tafiya a fili kana kallon nesa, ka sami barci sosai, yawanci kwana kaɗan ya wuce. In ya kai wata bai bari ba to ka je likita.

Sai ƙafa. Ƙafar masunci taushi gare ta don kullum tana jiƙe, dutse kuwa ba ya raga mata, ga ƙarangiya ga faso in hunturu ya shigo. Ka sayi takalmi mai rufi da tafi mai kauri, silifas ba zai kai ka ko'ina ba, da dare ka wanke ƙafa ka shafa man kaɗanya. Ƙarfinka duk a kafaɗa yake saboda tuƙi da jan taru, cinya da gwiwa su ne ba su saba ba, don haka kar ka miƙe dutse tsaye, ka hau a karkace kana lanƙwasa hanya kamar yadda awaki ke yi, kuma ka sani gangarowa ta fi hawa cin gwiwa, riƙe sanda. Kada ka taɓa zura hannu ƙarƙashin dutse ba ka ture shi da sanda ba, nan kunama da kububuwa ke laɓewa, takalmi ma ka kakkaɓe shi da safe.

Amma wallahi babbar magana ita ce ruwa. Kai da ka saba miƙa hannu ka ɗebo, yanzu sai ka ƙirga. Damagaram, wato Zinder, bisa dutse take zaune, ana haƙa rijiya a ci karo da fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, shi ya sa ruwan pampon Zinder ma daga wajen gari ake jawo shi, daga wurare irin su Gogo Machaya da Arunguza. Kafin ka kama gida ko ka sa tubali, tambayi mata ba maza ba, su suka san rijiyar da ke ƙafewa a watan Afrilu da Mayu da wadda ke kai wa damina. Ka tanadi bido, wato jarka, ko da shida da randa babba, ruwan sha daban a rufe, na alwala ka yi shi a gindin shuka, na wanki a yayyafa a tsakar gida. In a gari kake ka riƙe mai ga-ruwa guda ka dinga biyansa kan lokaci, ranar da pampo ya ɗauke zai tuna da kai. Yara ne suka fi wahalar koyo, nawa sai da na nuna musu wanka da buta biyu, da haƙuri ba da faɗa ba, don ba laifinsu ba ne cikin ruwa suka tashi.

Wurin gini kuma, kar wani fili mai yashi mai laushi tsakanin duwatsu ya ruɗe ka, hanyar korama ce, ruwan Agusta in ya sauko daga bisa da ƙarfi yake zuwa. Kar kuma ka manna ɗaki da fa, yana shan rana ya yi ta fitar da zafi har tsakar dare.

Gona a gangare sai ka jera duwatsu a gicciye su tare ruwa da ƙasa, ka haƙa ƙananan ramukan shuka da ake kira tassa ka zuba taki, ka shuka gero da wake. Bi maƙwabci shekarar farko ka yi masa aiki ka gani da idonka. In kana da ɗan kuɗi fara da awaki biyu.

Kar ka sayar da kayan kamun kifinka duka. Tabkin Gidimuni na nan gabas da Zinder ana kama kifi, kuma hannun da ya iya banda da ɗinkin taru ba ya rasa na cefane a kasuwar Dole ta Zinder. Da dare shirun dutse zai dame ka, babu motsin ruwa a jikin katako, ni a nan ne kewa ta fi kama ni. Sai in tashi in je majalisa, in akwai wanda ya taɓa zaman tabki mu yi hirar tarwaɗa da ƙarfasa har barci ya zo.