Yadda ake haɗa kwan siris don gwajin na'ura, da inda kariyarsa ta tsaya

Yawancin masu koyon gyaran talabijin, rediyo da caja a wuri ɗaya suke asara. Yaro ya canja fiyus da tiransistan da suka ƙone, ya cusa fulogi kai tsaye a soket, sai a ji tas, sababbin kayan ma sun tashi, domin ainihin shot ɗin, wato inda wuta ke yanke hanya a cikin na'urar, yana nan bai gano shi ba. Maganin wannan shi ne kwan lantarki da ake jerawa a layi ɗaya da na'urar, wanda masu gyara ke kira siris.

Ka nemi kwai mai zare, irin na da mai zafi, ɗaya 60W ɗaya 100W. LED da kwan nan mai murɗe ba sa wannan aiki, kada ka ɓata kuɗinka. Zaren ne sirrin: in yana sanyi wuta na ratsa shi cikin sauƙi, in ya yi ja tirjiyarsa ta ninka kusan sau goma, ya takure wutar. Sai holda, wato mazaunin kwai, soket mai baki uku, fulogi mai fiyus 3A, waya mai jijiya uku, da guntun katako busasshe da za ka ɗaure komai a kai. Haɗin da aka bari yana lilo a kan benci da salatif ba haɗi ba ne.

Wayar layif, wato mai kawo wuta, mai launin ruwan ƙasa ko ja, ita za ka yanke: ta fito daga fulogi ta shiga ƙafar holda ɗaya, ta fita ta ɗayar zuwa ramin L na soket. Nutural, shuɗiya ko baƙa, ta wuce kai tsaye, haka ma wayar ƙasa mai kore da rawaya. Wasu na sa kwan a nutural su ce ai duk ɗaya ne tunda yana kamawa. Ba ɗaya ba ne. In layif ta taɓa jikin ƙarfen na'urar, wutar za ta bi ta wayar ƙasa ba tare da ta ratsa kwan ba, kuma ko ka kwance kwan, soket ɗin na nan da wuta.

Fara da 60W. In kwan ya haska sau ɗaya ya dushe, kafasita, wato ma'ajiyar wuta ta cikin na'urar, ita ce ta cika, alama ce mai kyau. In ya tsaya da cikakken haske, akwai shot; zare fulogi ka duba diyod huɗun farko, na mashigar wuta, da babban tiransista. In na'urar tana ƙoƙarin tashi tana mutuwa, kwan ya yi mata ƙanƙanta, sa 100W. Firiji, dutsen guga da famfon ruwa sun fi ƙarfin wannan gwaji.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne wannan: siris na'ura yake karewa, ba ya kare mutum. Wutar gida a Najeriya kusan volt 230 ce. Da miliamfiya ake auna yawan wutar da ke gudana: kwan 100W yana barin kusan miliamfiya 430 ta wuce, 60W kuma kusan 260. Jikin mutum kuwa daga miliamfiya 1 yake fara jin tsikari, wajen 10 zuwa 15 tsokar hannu ta damƙe ka kasa sakin wayar, daga 50 zuwa 100 in ta bi ta ƙirji tana iya rikita bugun zuciya. Wato abin da kwan ya bari ya wuce ya ninka abin da ke kisa. Da gumi a hannu da ƙafa a kan siminti mai danshi, tirjiyar jiki tana sauka zuwa kusan om 1,000 a ma'aunin tirjiya, wuta ta fi samun sauƙin ratsa shi, kuma a nan wuta ba ta tambayar shekarunka a sana'a.

Saboda haka ka sa bireka mai gano yoyon wuta, RCD na miliamfiya 30, a layin da ke ba bencinka wuta. Bireka na yau da kullum mai 16A ko 20A waya yake karewa daga ƙonewa, ba zai faɗi don wuta ta kama ka ba. Danna maɓallin gwajin RCD ɗin lokaci-lokaci. Ka tsaya a kan roba ko katako da takalmi, ka cire zobe da agogon ƙarfe, ka auna da hannu ɗaya, ɗayan a aljihu.

Bayan ka zare fulogi ma da sauran magana. Babbar kafasitar farko tana riƙe volt kusan 320. Don ta zubar da wutar, taɓa ƙafafunta da wayoyin wani kwan 60W daban wanda ba a haɗa da wuta ba, ya ɗan haska ya mutu, ka tabbatar da mita kafin ka kai yatsa. Kada ka haɗe su da sukuddireba.

In wuta ta kama wani, kada ka ja shi da hannu. Kashe babban makunni ko janareta, ko ka ture shi da busasshen itace. In ba ya numfashi, a fara danna masa ƙirji nan take, a nemi mota zuwa asibiti. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a kai shi a duba zuciyarsa.